Rayuwa a Kan Dandamali: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sana'ar Mai Wasan Nishaɗi

Duk wanda ya ga mai rufa-ido ko ɗan alkafura ya gama wasansa cikin minti 8 ya sauka ana ta tafi, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne: wai aikin ke nan gaba ɗaya? Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar shiga sana'ar suka fi yi, tare da iyayensu, waɗanda hankalinsu kan fi tashi.

Wane irin ɗan wasa ake nufi a nan?

Wanda yake da wasa nasa na kansa, gajere kuma cikakke, wanda za a iya ɗauka a sa a cikin kowane shiri. Shirin wasanni iri-iri ba labari ɗaya ba ne kamar wasan kwaikwayo. Jerin gwanaye ne, kowa ya hau ya yi nasa ya sauka, mai gabatarwa yana haɗa tsakaninsu. A dare ɗaya sai ka ga mai rufa-ido, da mai jefa ƙwallaye sama yana cafewa, da mai barkwanci, da mai sa 'yar tsana magana ba tare da leɓensa ya motsa ba, da masu alkafura, da mai lilo a can sama, da mai kwaikwayon muryoyi, da mawaƙiya.

Ɗan wasan kwaikwayo ana miƙa masa rubutu, a ɗinka masa tufafi, darakta ya ce masa tsaya nan. Wannan kuwa shi ya ƙirƙiri wasan, shi ya sayi kayan aikin, shi ya zaɓi kiɗan, kuma shi zai nemo mai saye. Wasan mallakarsa ne, asararsa ma tasa ce.

Ba an ce wannan sana'a ta mutu tuntuni ba?

An yi ta yi mata jana'iza, ita kuwa tana sauya gida. A Ingila ta bunƙasa a zaurukan kiɗa da nishaɗi, irin Canterbury Hall da Charles Morton ya buɗe a Landan a 1852. A Amurka, Tony Pastor ya fara shirya wasanni masu tsabta a New York a 1881 domin mata da yara su iya shiga, daga nan aka samu manyan kamfanoni masu jerin gidajen wasa a garuruwa da yawa, inda ɗan wasa kan yi mako guda a gari ya hau jirgin ƙasa zuwa na gaba. Charlie Chaplin daga nan ya fito: da ƙungiyar Fred Karno ya fara zuwa Amurka a 1910, tun kafin ya taɓa tsayawa gaban kyamara.

Rediyo da fim mai magana, wanda ya kankama daga 1927, su suka karya wancan tsari. Gidan wasa na Palace a New York, wanda aka buɗe a 1913 kuma kowane ɗan wasa ke mafarkin hawa dandamalinsa, ya koma gidan sinima a 1932. Amma 'yan wasan ba su ɓace ba. Sun koma talabijin, inda shirin Ed Sullivan ya yi ta nuna su daga 1948 har 1971, sun koma otal-otal na Las Vegas, sun koma jiragen ruwa. A Jamus har yau akwai gidajen wasa da ba su da wani aiki sai wannan, kamar Wintergarten a Balin da jerin gidajen GOP. Abin da ya mutu shi ne tabbacin samun aikin shekara guda daga hannun kamfani ɗaya.

Da gaske mutum zai iya ciyar da kansa da wannan kaɗai?

Zai iya, kuma da yawa suna yi, amma ba ta hanyar da masu kallo ke zato ba. Kuɗin dare ɗaya kan yi kama da mai yawa idan aka raba shi da mintunan da aka yi a dandamali. To amma wannan kuɗi shi zai biya makonnin atisaye, da kuɗin mota ko jirgi, da gyaran kayan aiki, da la'adar dillali, da inshora, da haraji, da kuma watannin da waya ba ta ƙara ko sau ɗaya ba. Aikin yana da kaka, yana da rani. Ƙarshen shekara yakan cika da bukukuwan kamfanoni, lokacin hutu yakan cika da bukukuwan fili, tsakaninsu kuwa shiru.

Saboda haka kusan duk wanda ya daɗe a sana'ar yana da ƙafa a kasuwa uku ko huɗu. Kuma yana da ajiya. Shekarar 2020 ta koya wa kowa wannan darasi: kamfanin Cirque du Soleil, wanda aka kafa a Kwibek ta Kanada a 1984 kuma ya zama mafi shahara a fagen, ya sallami kusan kashi 95 cikin 100 na ma'aikatansa a watan Maris na shekarar, a watan Yuni kuma ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Idan giwa ta durƙusa haka, ɗan wasa mai akwati biyu da mota ɗaya ya san inda ya tsaya.

Wasu ƙasashe suna da tsarin rage raɗaɗi. A Faransa, ɗan wasan da ya tara awa 507 na aiki cikin wata 12 yana iya samun tallafin zaman jiran aiki. A mafi yawan duniya babu irin wannan, mutum shi ne asusun kansa.

Me ya sa ake ta maganar minti 7 ko 10? Wannan ai kaɗan ne.

Wannan shi ne jarin. Masu shirya wasa ba sa sayen baiwa, abin da suke saye shi ne wasa da aka gama ginawa, mai farko da tsakiya da ƙarshe, wanda zai yi aiki yau, ya yi gobe, ya yi a gaban mutanen da ba sa jin yarenka. Gina irin wannan yakan ci shekaru. Ba koyon dabarar ce ke cin lokaci kaɗai ba, har da gano inda za a dakata, da inda za a kalli jama'a, da abin da za a yar.

Yarwar ita ta fi ciwo. Sau da yawa dabarar da ta fi wahala, wadda aka kwana ana koyo, ba ta motsa 'yan kallo ko kaɗan, domin ba su san tana da wuya ba. Mai cafe ƙwallaye zai iya kai bakwai a sama 'yan kallo su yi tafin ladabi, sannan ya yi wani abu mai sauƙi da hula da sanda gida ya kaure da sowa. Sabon shiga yakan yi wasa don ya burge 'yan uwansa masu sana'a. Wanda ya goge yana yi don mutumin da ke kujerar baya, wanda bai taɓa riƙe ƙwallo uku ba.

Wasa ba ya nuna a ɗakin atisaye. Sai an yi shi gaban mutane sau da yawa, an ɗauke shi a bidiyo, an zauna an kalla ba tare da tausayin kai ba. A nan ake gane cewa minti 12 ɗin da kake alfahari da su, a gaskiya minti 7 ne da surutu.

Sai an je makaranta?

Ya danganta da irin wasan. Masu alkafura da masu wasan sama suna amfana ƙwarai da makaranta, saboda akwai katifu da igiyoyin tsaro da malamai da suka san yadda ake faɗuwa. Makarantar wasannin motsa jiki ta ƙasa da ke Montreal, wadda aka kafa a 1981, tana cikin waɗanda manyan kamfanoni ke ɗaukar 'yan wasa daga cikinsu. Masu rufa-ido da masu barkwanci kuwa galibi daga littattafai da magabata da ƙananan dandamali suke koyo. Babu mai shirya wasa da zai tambaye ka takardar shaida. Bidiyo zai ce ka turo, kuma da wuya ya wuce minti ɗaya yana kallo kafin ya yanke hukunci.

A ina ake samun aikin?

Jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suna cikin manyan masu ɗaukar 'yan wasa a yau. Galibi suna son wanda zai iya riƙe dandamali shi kaɗai na kusan minti 45, wani lokaci da wasa na biyu daban, tunda fasinjojin ba sa sauyawa sai an kai tasha. Ɗaki da abinci kyauta ne, amma jirgi yana tangaɗi, kuma wanda wasansa ya dogara da daidaita abu a kan goshi zai gane haka tun daren farko. Ban da wannan, wanda ya daɗe a teku masu ba da aiki a tudu sukan manta da shi.

Gidajen wasa irin na Jamus suna ba da kwantiragin wata biyu ko fiye, wasa ɗaya a maimaita shi dare bayan dare. A ganina babu inda wasa ke gogewa kamar nan. Bukukuwan kamfanoni su suka fi biya, su kuma suka fi wahalar sha'ani: mutane suna ci suna hira, ba don kai suka zo ba, kuma sau da yawa dandamalin bai kai yadda aka yi alkawari ba.

Sai manyan bukukuwa. Bikin Fringe na Edinbura, wanda ya faro a 1947 lokacin da ƙungiyoyi 8 suka je ba tare da gayyata ba, ana yin sa duk watan Agusta, kuma kowa na iya zuwa. Sai dai ɗan wasa ne ke biyan hayar zaure da talla da masauki, da yawa kuma da bashi suke komawa gida. Kasuwar baje koli ce, ana zuwa ne don a gan ka. Akwai kuma gasanni da ke ɗaga suna a cikin sana'ar: bikin Monte Carlo da Yarima Rainier na Uku ya kafa a 1974, da gasar duniya ta masu rufa-ido da ƙungiyar FISM ke shiryawa duk shekara 3.

Kada a raina titi. A Covent Garden ta Landan sai an yi wa mutum gwaji kafin a ba shi fili. Wanda ya iya tsayar da mai wucewa, ya riƙe shi minti 30, har ya sa hannu a aljihu, babu zauren da zai ba shi tsoro.

Dole ne in samu dillali?

Ba dole ba ne da farko, kuma da farkon ma ba za su kula ka ba. Dillali yakan ɗauki la'ada, galibi tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma akwai kasuwannin da ba a shiga sai ta hannunsa, musamman jiragen ruwa. Ka'ida ɗaya ce ba ta sauyawa: dillali yana cin kuɗi ne bayan ya samo maka aiki. Wanda ya ce ka biya kafin ya sa sunanka a littafinsa, kai ne kasuwarsa. A yi hattara kuma da yarjejeniyar da ta hana ka aiki da kowa sai shi, alhali bai yi alkawarin adadin aikin da zai kawo ba.

Me ya kamata in duba a kwantiragi?

Nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, da kafin alƙalami nawa za a ba da. Sau nawa za a yi wasan a rana, domin "dare ɗaya" yakan zama hawa uku. Wa zai biya sufuri da kuɗin ƙarin kaya. Me zai faru idan sun soke, ko idan kai ne ba ka da lafiya. Ko za su ɗauki bidiyo, da abin da za su yi da shi.

Tare da kwantiragi akwai takardar buƙatun aiki, inda ake rubuta faɗin dandamali, tsawon rufi, irin daɓe, fitilu, makirufo, da wurin da za a rataya igiya da nauyin da zai iya ɗauka. Mai cafe kulake da ya iso ya tarar rufin bai fi mita 3 ba, ko 'yar rawa da ta tarar da daɓe mai santsi, ba su da wanda za su zarga idan ba su rubuta ba.

Faɗa a kan sharuɗɗan kwantiragi tsoho ne. 'Yan wasan Ingila sun kafa ƙungiyarsu a 1906, suka yi yajin aiki a 1907 saboda masu gidajen wasa suna ƙara musu wasannin rana ba tare da ƙarin kuɗi ba. Ƙungiyar ta haɗe da Equity, ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta Birtaniya, a 1967. A Amurka akwai irin wannan ƙungiya mai suna AGVA tun 1939. Shiga irin waɗannan ƙungiyoyi yana samar da samfurin kwantiragi, da mai tsaya maka idan an hana ka haƙƙinka.

Yaya batun ƙetare iyaka da kaya?

Bizar yawon buɗe ido galibi ba ta halatta aiki, ko da na dare ɗaya ne. A Amurka 'yan wasa sukan shiga da biza nau'in O ko P, kuma neman ta yana cin lokaci da kuɗi. Kayan aiki kuma suna da nasu fasfo, wato takardar ATA Carnet, wadda ke ba da damar shiga da kaya na ɗan lokaci, har shekara guda, ba tare da biyan kuɗin fito ba, muddin za a fita da su. Masu wasa da wuƙaƙe ko wuta suna da ƙarin bayani da za su yi a kowane filin jirgi. Tsofaffin hannu sukan ba da shawara ɗaya: tufafin wasa da kiɗa da abin da ba a iya saye a kasuwa, a riƙe su a jakar hannu.

Idan aka ji rauni fa?

A nan sana'ar ta fi nuna rashin tausayi. Ba wasa, ba kuɗi, don haka mutane sukan hau dandamali da ciwon da ya kamata ya kwantar da su. Shahararren mai rufa-ido Harry Houdini ya yi wasansa na ƙarshe a Detroit cikin zazzaɓi mai zafi, bayan likita ya ce a yi masa tiyata, ya ƙi. Ya rasu ranar 31 ga Oktoba, 1926. Karl Wallenda kuwa, mai wasan tafiya a kan igiya, yana da shekara 73 ya faɗo daga kan igiya a Puerto Rico a 1978.

Amma ba irin waɗannan ne suka fi kashe sana'ar mutane ba. Ƙananan ciwuka ne masu taruwa: kafaɗa, wuyan hannu, gwiwa, ƙugu, da murya ga masu magana da waƙa. Ɗumama jiki kafin hawa, barci, da ganin likitan gashin ƙashi tun ciwo yana ƙarami, duk cikin aikin suke. Inshora iri biyu ce: wadda za ta biya idan ka ji wa ɗan kallo rauni ko ka lalata kayan mutane, wadda wurare da yawa ba za su bar ka ka hau ba sai da ita, da wadda za ta riƙe ka idan kai ne ka kwanta. Ta biyun ce mutane suka fi ƙyalewa. Kuma duk mai wasan sama ya duba igiyarsa da ƙugiyarsa da idonsa kafin kowane hawa, ko da wa ya ɗaura.

Me ake yi idan wasa ya ɓaci a gaban jama'a?

A ci gaba. Ƙwallo zai faɗi, kiɗa zai tsaya, wanda aka kira daga cikin 'yan kallo zai ƙi ba da haɗin kai. Kowane ƙwararre yana da abin faɗa da abin yi da ya tanada don irin wannan lokaci, har ya zama 'yan kallo sun ɗauka da gangan ne. Jama'a suna yafe kuskure, abin da ba sa iya jurewa shi ne su ga ɗan wasa ya tsorata, domin kunyarsa takan kama su. Wasu ma da gangan suke kuskure sau ɗaya kafin babbar dabara, don a san abin da wuya.

Wani lokaci kuma ba laifinka ba ne, gurbin da aka sa ka ne. Tun zamanin tsoffin gidajen wasa na Amurka an san cewa mai buɗe shiri yana wasa ne mutane suna neman kujera, shi ya sa ake sa wanda ba ya magana, babban tauraro kuma a ajiye shi sai dab da ƙarshe.

Gasar talabijin tana taimakawa?

Tana iya. Terry Fator, mai sa 'yar tsana magana, ya ci gasar America's Got Talent a 2007 bayan shekaru yana wasa a ƙananan wurare, daga nan ya samu zama na shekaru a Las Vegas. Amma a lura, ya je da wasan da ya riga ya nuna. Talabijin tana cinye abin da ka gina cikin shekaru a minti 2, ta ce ka kawo sabo mako mai zuwa, kuma masu tace hoto ne ke yanke yadda duniya za ta gan ka. A karanta takardar da za a sa wa hannu da kyau. Haka nan tarin mabiya a TikTok ko Instagram yana jawo hankalin masu ba da aiki, sai dai daƙiƙa 30 da aka ɗauka sau ashirin kafin ta yi kyau ba ta nuna mutum zai iya riƙe zaure.

Idan wani ya sace mini wasa?

Doka ba ta cika kare dabara ita kaɗai ba, amma tana iya kare yadda aka tsara wasa. A 2014 wata kotu a Nevada ta ba mai rufa-ido Teller gaskiya a kan wani da ya kwaikwayi wasansa, saboda ya yi masa rajista tun da daɗewa a matsayin wasan kwaikwayo na bebe. Wannan ba kasafai ake samu ba. Abin da ya fi aiki shi ne kunya, tunda duniyar sana'ar ƙarama ce kuma kowa ya san na kowa. Masu wasan ban dariya na ƙungiyar Clowns International har suna zana kwalliyar fuskar kowane mamba a jikin ƙwai su adana, don kada wani ya ɗauki fuskar wani.

Yaya iyali da zumunci?

Da wuya. Lokacin da mutane ke hutu, lokacin kake aiki, kuma biki da suna da rashin lafiyar gida sukan same ka a wani gari. Wannan ya sa ake yawan samun miji da mata suna wasa tare, ko zuri'a guda ta yi shekaru aru-aru a sana'ar. Kaɗaici ma gaskiya ne: daga tafin mutum dubu zuwa ɗakin otal, tazarar minti 20 ce.

Har zuwa shekara nawa ake yi?

Masu alkafura da masu wasan sama sukan fara tunanin sauyi tun suna cikin shekaru talatin da wani abu. Masu rufa-ido da barkwanci da gabatarwa kuwa sukan ƙara kyau da shekaru. Masu wayo sukan fara sa magana da ban dariya a cikin wasansu tun jiki yana da ƙarfi, ta yadda ranar da gwiwa ta gaza, akwai abin da ya rage. Wasu su koma koyarwa, ko tsara wa wasu wasa, ko ƙera kayan aiki, ko dillanci.

Yaushe ya dace in bar aikin da nake yi in koma wannan gaba ɗaya?

Lokacin da aikin naka ya fara sa ka mayar da gayyata mai kuɗi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kafin nan a tabbata akwai wasa da aka gwada a gaban baƙi, ba 'yan uwa da abokai ba, akwai bidiyo mai kyau da aka ɗauka da 'yan kallo na gaske, akwai masu ba da aiki da suka kira ka suka sake kira, akwai kuma ajiyar da za ta riƙe gida na wasu watanni. A lissafa kuɗin da wasa ya kawo cikin shekara guda cur, har da watannin shiru, a cire duk abin da aka kashe. Abin da ya rage shi ne albashin da ake shirin komawa.